Na'ura Mai Koyo da Yaron da Ya Yi Hadda

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan. Zancen da na kawo kamar ya yi nisa da allo da alli, amma in kun yi haƙuri za ku ga a cikin ajinmu zai sauka.

Ku dubi bakin fensirin da ke hannunku. Abin nan baƙi falle-falle ya ke, kamar takardun littafi, shi ya sa ya ke barin zane in an goga shi. A shekarar 2004 waɗansu masana biyu a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka yi ta ɓare shi da salatif har suka sami falle guda, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Sunansa girafin. A 2010 aka ba su kyautar Nobel sabo da wannan aiki.

To, amma girafin yana da aibu guda. Lantarki yana bi ta cikinsa da sauri ƙwarai, sai dai tsai da shi ke da wuya, kamar ƙofar da ba ta rufuwa. Rediyo da wayar hannu da kwamfuta kuwa duk da 'yan ƙofofi su ke aiki, watau tiransista, masu buɗe wa lantarki hanya su kuma rufe. Don haka masana suka juya ga wani dutse mai taushi, shi ma falle-falle, wanda ya ke haɗin ƙarfen molibdenam da farar wuta. A 2011 Andras Kis da abokan aikinsa a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan suka yi tiransista da falle ɗaya nasa. Sai an jera irin fallen nan fiye da 100,000 kafin su kai kaurin takardar nan da ku ke karantawa.

Ɓarewa da salatif ba ta isa masana'anta ba, tilas a shuka fallen ya tsiro. Wanda ya taɓa ganin matan Keana suna dafa gishiri ya san yadda ƙwayoyi ke fitowa daga abin da babu siffa. Nan ma kusan haka ne, sai dai da tururi a ke yi. A kan sa garin molibdenam da farar wuta a tanderu mai zafin digiri 700 ko fiye, tururinsu ya sauka bisa faranti, ya fara yin 'yan tsibirai masu kusurwa uku. Tsibiran nan su yi ta faɗi har su haɗu. In ba su fuskanci gefe ɗaya ba, sai mahaɗar ta bar tabo, kamar tabarmi biyu da aka ɗinka saƙarsu ba ta dace ba, kuma a tabon nan lantarki ke tuntuɓe. Wani lokaci kuma sabon falle ya hau kan na fari tun bai gama rufe farantin ba.

Ina dalili? Ba mai iya leƙa tanderu ya bi zarra ɗaya-ɗaya da ido. Ana iya lissafta motsinsu da dokokin kimiyya, amma lissafin yana da nauyi, har babbar kwamfuta ba ta ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwan zarra, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A 2007 Jörg Behler da Michele Parrinello suka nuna wata dabara. A yi lissafin nan mai nauyi a kan ƙananan misalai masu yawa, a ba na'ura ta koya, har ta iya faɗin yadda kowace zarra za ta ja ko ta ture maƙwabtanta. Sa'an nan a sake ta a kan zarra dubbai. Da haka yanzu a ke kallon tsirowar falle a fuskar kwamfuta, a rage zafi, a ƙara farar wuta, a ga abin da zai faru, tun ba a hura tanderu ba.

Ga inda zancen ya shafe mu. Na'urar nan ɗaliba ce, kuma tana da halin ɗalibai. In an tambaye ta abin da ya yi kama da misalan da aka ba ta, sai ta amsa daidai. In ta gamu da jerin zarra da ba ta taɓa gani ba, ba ta cewa ban sani ba. Sai ta kawo amsar banza da ƙarfin hali. Shi ya sa masanan ba su sakin jiki. Su kan nemo inda ta yi kuskure, su yi lissafin wurin da kyau, su ƙara mata darasi, daga baya kuma su gwada maganarta da abin da tanderu ya fitar.

Sa'ad da na je koyarwar gwaji a wata makaranta a nan Lafiya, na tambayi yaran aji huɗu, bakwai sau takwas. Suka amsa da murya ɗaya, hamsin da shida. Na ji daɗi. Sai na ce da wani yaro, "Kai, in babarka ta kai kashi bakwai na doya kasuwa, kowane kashi doya takwas, doya nawa ke nan?" Ya miƙe ya ce, "Malam, goma sha biyar." Ban ga laifinsa ba. Laifin namu ne da muka ba shi waƙa muka ce lissafi ne.

Ra'ayina ke nan. Jiharmu ta Nasarawa kirarinta gidan ma'adinai. Akwai gishiri a Keana da Awe, akwai barayit a Azara, ga kuma litiyam da a ke haƙa. Amma wanda ya san abin da ke cikin dutse shi ke cin ribarsa, mai haƙa sai gumi. Tanderu da madubin ganin zarra kuɗinsu ya fi ƙarfinmu yanzu. Aikin kwaikwayo da kwamfuta kuwa ya fi sauƙin kuɗi nesa, gama abin da ya fi bukata shi ne kai mai fahimtar lissafi. Ga Jami'ar Tarayya a Lafiya tun 2011, a bakin ƙofarmu. Wa zai aika mata da irin waɗannan kawuna in ba mu ba?

Na san wani zai ce, yaran da ke zaune a ƙasa babu benci, ina su ina zancen zarra? Gaskiyarsa, kuma ban ce a koya wa 'yan firamare kimiyyar zarra ba. Abin da na ce shi ne, hadda na'ura ta riga ta fi mu, ba za mu kamo ta ba. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya gane sa'ad da amsa ta kauce, ya san dalili. Koyar da wannan ba ya bukatar lantarki. Tsakuwa da 'ya'yan agushi sun isa.

Don haka, in mun koma aji, kada mu yarda da amsa sai yaro ya faɗi yadda ya same ta. Mu juya tambaya ta fuskar da bai saba ba. In ya ce, "Malam, ban gane ba," mu yaba masa, kada mu ɗauko bulala, gama ya faɗi abin da na'ura ta kasa faɗi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya sa mu riƙe amanar yaran da za a danƙa mana.