Raddi ga masu hana 'yan mata 'yan ƙwallo ɗaga ƙarfe

Wata magana ce ke yawo a bakin wasu masu horar da ƙananan ƙungiyoyin mata, har na ji wani koci yana nanata ta da gadara: wai yarinya mai buga ƙwallo ba ruwanta da ɗaga ƙarfe, don zai hana ta tsawo, ya mayar da ita gardi, ya kuma rage mata sauri. Gudu kaɗai ya ishe ta, in ji shi. Zan yi masa adalci, ko da yake maganar ba ta ci wannan karamcin ba.

Mu fara da "gudu ya ishe ta", domin nan ɓarnar take. Malam koci, me ya fi raba 'yan ƙwallo mata da fili na tsawon lokaci? Gwiwa. A tsakiyarta akwai jijiyar da likitoci ke kira ACL, mai riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba. Tana tsinkewa a mata ninki biyu ko fiye na yadda take yi a maza, kuma galibi ba wanda ya taɓa yarinyar. Ta yi tsalle ta dira ƙafa a sanƙare, ko ta yanke kwana a guje, gwiwa ta karkata ciki, sai ka ji ƙas! Daga nan sai tiyata da jinyar wata 9 zuwa shekara. Ita ta kwantar da Alexia Putellas ta Sifen ana jajibirin gasar Turai ta 2022. Ita ta hana Beth Mead da Leah Williamson, kyaftin ɗin Ingila, zuwa Kofin Duniya na 2023. Su suna da likitoci da kuɗi. Yarinyar da ke buga wa makarantarsu a Lafiya ko Kaduna fa, wa zai biya mata?

Zagaye fili har haki ya kama mutum ba ya koya wa gwiwa dira. Ƙarfin tsokar bayan cinya da ƙugu da ciki ke tsare ta, kuma an gwada an gani. A Norway, wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bi 'yan mata 1,892 masu shekara 13 zuwa 17. Waɗanda suka riƙa yin atisayen minti 20 da aka sani da FIFA 11+ raunukansu sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Suwidin, a 2012, 'yan mata 4,564 ne: minti 15, sau biyu a mako, tsinkewar ACL ta ragu da kashi 64 cikin 100. Me suke yi? Tsugunno da ƙafa ɗaya, dogon taku ana durƙusawa, dogara kan gwiwar hannu jiki a miƙe, tsalle da dira a hankali. Kocin zai ce ai nan ba ƙarfe. To da nauyin jiki ake farawa, Malam, in ya yi wa tsoka kaɗan a ƙara mata ƙarfe. Haba!

Sai hana tsawo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa atisayen ƙarfi da aka tsara, ƙarƙashin kulawar wanda ya iya, ba ya tauye girma. Haɗarin yana ga kaya fiye da kima da rashin mai sa ido. Abin haushin, yarinyar nan da ake tausayi ita ke ɗauko jarkar ruwa mai lita 25 a ka, kilo 25 ke nan, wuya na rawa, ban ji kocin ya ce uffan ba.

Zancen zama gardi kuwa, sinadarin testosteron da ke kumbura ƙwanjin namiji bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a jikin yawancin mata. Atisaye sau biyu a mako ba zai ba ta ƙirjin ɗan dambe ba.

Rage sauri? Da me ake tunkuɗa ƙasa a zabura, in ba da cinya ba? Wannan ma ɓata tawada ne.