BA KWAMFUTA CE TA CUCE MU BA

Jiya na ga wani abokina ya rubuta wai gara a koma zamanin fayil, tunda IPPIS ta gasa wa ma'aikata aya a hannu. Malam, da girmanka, amma ban yarda ba. Mai wannan magana, ko dai bai taɓa bin fayil ba, ko kuma yana cikin masu ci da shi.

Ni na bi. Wata biyar ina zarya a wata ma'aikata kan fanshon mahaifina. Yau a ce fayil yana teburin oga, oga ya tafi taro. Gobe a ce masinja ne ya san inda yake. Ranar da na ba masinjan na goro, ko minti goma ba a yi ba sai ga fayil. Ashe ɓoye shi aka yi. Nan ake so mu koma? Haba!

Me manhajar ofis take yi? Takarda ta shigo, ta rubuta rana da lokaci, ta tura wa mai sa hannu na gaba. In ta kwana bakwai a wajen wani, sunansa zai fito ɓaro-ɓaro. Wallahi wannan ne abin da wasu ke tsoro.

A 2007 aka fara IPPIS. A 2016 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ce an cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 bayan an gwada sunayen masu karɓar albashi da BVN. Shekara nawa suna karɓa a zamanin fayil, wa ya kama su? Haka TSA a 2015: kafin nan kuɗin gwamnati na warwatse a dubban asusu a bankunan kasuwanci.

To, ban ce babu matsala ba. ASUU tana da gaskiya da ta ce tsarin bai san aikin jami'a ba, bai san malamin da ke zuwa koyarwa wata jami'ar na ɗan lokaci ba. Harafi ɗaya ya kuskure a sunanka, gyara sai Abuja. Rigimar tana cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, yaranmu suka zauna a gida wata da watanni, sai a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Kuma a 2022 EFCC ta kama Akanta Janar na ƙasa, wanda IPPIS ke ƙarƙashin ofishinsa, ta gurfanar da shi kan zargin biliyan 109. Kwamfuta ba ta cin hanci, amma wa ke sa ido kan mai riƙe da makullinta?

Don haka mu daina kukan a dawo da fayil, mu nemi abu uku. A tambayi masu aikin kafin a tsara manhaja. A buɗe wajen gyaran kuskure a kowace jiha, da ɗan Adam da za ka yi wa magana ya amsa. Sannan duk wanda ya taɓa sunan wani ko albashinsa, a bar shaidar da masu bincike na waje za su gani.

Wanda ya taɓa bin fayil, ya faɗa mana wata nawa ya yi. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rasu suna jiran haƙƙinsu.