James Earl Jones: Muryar da ta ƙi bin mai ita kabari

A watan Mayun 2025, wata takwas bayan mutuwar James Earl Jones, masu buga wasan kwamfuta na Fortnite suka wayi gari suna hira da muryarsa. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ke amsa musu duk abin da suka tambaya a matsayin Darth Vader, mugun nan na fina-finan Star Wars. Ba a jima ba wasu suka yi mata dabara har ta yi ashar, kamfanin Epic Games ya yi gaggawar toshe kafar. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, ta kai ƙara gaban hukumar kula da hulɗar ƙwadago ta ƙasar.

Abin mamaki shi ne, mai wannan murya ya taso ne yana gudun magana. An haife shi a 1931 a jihar Mississippi, kakanninsa suka rene shi a Michigan, kuma in'ina ta matsa masa har ya shafe shekaru kusan bebe. Wani malaminsa na sakandare, Donald Crouch, shi ya tilasta masa karanta waƙar da ya rubuta a gaban aji, daga nan harshensa ya fara sakuwa. Ya lashe kambun Tony na wasan daɓe a 1969 da 1987, da Emmy biyu na talabijin a 1991, aka kuma ba shi Oscar na girmamawa a 2011. Masu kallo da yawa sun fi tuna shi da Sarki Jaffe Joffer na Zamunda a Coming to America, ko Mufasa a The Lion King.

Aikin da ya fi ɗaukaka shi kuwa bai ɗauke shi a bakin komai ba. A 1977 dala 7,000 aka biya shi, kuma bai yarda a sa sunansa a fim ɗin ba, domin a ganinsa David Prowse, ɗan Ingilan da ya sanya kayan Vader, shi ne ya yi wasan. Prowse ya furta kalaman a wurin ɗaukar fim, aka cire muryarsa aka ɗora ta Jones. Ke nan tun farko wannan murya gurbin wani ta shiga, sai dai a lokacin mutum ne ya gaji mutum.

A 2022, yana ɗan shekara 91, Jones ya amince kamfanin Lucasfilm ya ci gaba da amfani da muryarsa ta hanyar na'ura. Wani kamfanin Yukren, Respeecher, ya sarrafa tsoffin naɗe-naɗensa domin shirin Obi-Wan Kenobi. Iyalinsa ma sun ba da izini kan batun Fortnite. Babu sata a nan, kuma ƙungiyar ba ta ce an yi ba. Kukanta shi ne, akwai 'yan wasan da suka daɗe suna cin abinci da kwaikwayon muryar Vader a wasannin kwamfuta, aka maye gurbinsu da manhaja ba tare da an sanar da ita ko an zauna an tattauna ba.

Nan gizo ke saƙar. Yajin aikin kwana 118 da 'yan wasan suka yi a 2023 ya samar musu da sharaɗi biyu: a nemi yardar mutum kafin a kwafi kamanninsa ko muryarsa, a kuma biya shi. Jihar Kalifoniya ta ƙara da dokoki biyu a Satumban 2024, ɗaya daga cikinsu ta wajabta neman izinin magada kafin a farfaɗo da mamaci a fim. Duka waɗannan suna kare wanda ke da abin sayarwa. Tauraro zai sa hannu ya karɓi kuɗi, magadansa su ci gaba da karɓa. Ƙaramin ɗan wasan da a da ake kira idan babba ya tsufa ko ya mutu, ba muryarsa aka kwafa ba, don haka babu takardar da za a miƙa masa ya sa hannu. Kiran ne kawai zai daina zuwa.

Akwai kuma tambayar iyakar yardar mamaci. Jones ya san kalaman da aka rubuta wa Vader a 2022, amma manhajar da ke ƙirƙirar amsa nan take ba ta da rubutaccen labari, kuma ashar ɗin Fortnite ya nuna cewa ko kamfanin bai gama sanin abin da zai fito daga bakinta ba. Mutumin da ya sha fama kafin ya mallaki harshensa, a 2025 duk yaron da ke riƙe da na'urar wasa ya samu damar gwada sa shi faɗin abin da ya ga dama.