Rumbun Hotuna da Fina-finai a Cikin Gida: Mallaka Tana Tafe da Gadi

A shekarar 1956 kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da faifan ajiyar bayanai na kwamfuta na farko a duniya. Nauyinsa ya kai kimanin tan guda, amma abin da yake iya ɗauka bai wuce megabayit 5 ba, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu ta zamani. A yau kuwa, faifan da bai fi ƙaramin littafi girma ba yana ɗaukar terabayit 20. Wannan bunƙasa ce ta sa magidanci zai iya kafa rumbun ajiya a ɗakinsa, irin wanda ake kira NAS a taƙaice. Ƙaramar kwamfuta ce mai fayafai biyu ko huɗu, wadda ake haɗa ta da na'urar rarraba intanet ta gida, ta yadda kowa a gidan zai iya zuba hotuna, fina-finai, karatuttuka da waƙoƙi, ya kuma buɗe su ta waya ko talabijin. Idan aka so, ana iya leƙa rumbun daga wani gari ko wata ƙasa.

Hujjar mallakar irin wannan rumbu tana da ƙarfi. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ma'ajiyar da kamfanoni ke bayarwa a intanet kuwa aro ce. A watan Janairu na 2012 hukumomin Amurka suka rufe shafin Megaupload bisa zargin satar fasaha, sai waɗanda suka ajiye halaliyarsu a can suka wayi gari ba su da hanyar kaiwa gare ta. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa cikin shekaru fiye da goma sun salwanta yayin sauya na'urori. A watan Yuni na 2021 kuma Google ya daina ba da ajiyar hotuna kyauta marar iyaka. Bugu da ƙari, a ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin sadarwa suka tsaya cik ko suka yi rauni a Nijeriya, Gana da maƙwabtansu. A irin wannan rana, mai rumbu a gida yana kallon hotunansa ba tare da wata tangarɗa ba, domin ba sai sun ƙetare teku suke iso masa ba.

Sai dai kuma wanda ya ɗauko dukiyarsa daga hannun mai ajiya ya kawo gida, to ya ɗauko har da aikin gadi, kuma a nan ne mutane da yawa suke sakaci. Haɗarin ba a cikin rumbun yake ba, a bakin ƙofarsa yake. Hanya mafi sauƙi ta kaiwa ga rumbu daga nesa ita ce a buɗe masa ƙofa a na'urar rarraba intanet. Amma ƙofar da mai gida zai shiga daga Landan, ita ce ɓarawo zai ƙwanƙwasa daga ko'ina, domin akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna neman inda aka bari a buɗe. A watan Yuni na 2021 masu na'urar My Book Live ta kamfanin Western Digital a ƙasashe daban-daban suka tarar an shafe musu komai daga nesa. Rabon da a sabunta manhajar na'urar tun 2015. A watan Janairu na 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle bayanan dubban na'urorin kamfanin QNAP na ƙasar Taiwan, ta nemi kuɗin fansa. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda rumbunsu yake fuskantar intanet kai tsaye.

Saboda haka, abin da ya dace shi ne a bar ƙofar a garƙame, a shiga ta keɓantacciyar hanya mai sirri da ake kira VPN, wadda ba ta amsa wa kowa sai na'urar da ke riƙe da mabuɗi. Manhajar WireGuard, wadda aka shigar cikin tsarin Linux a 2020, tana wannan aiki kyauta. Haka nan wajibi ne a riƙa sabunta manhajar rumbun, a kuma daina haɗa shi da intanet da zarar kamfanin da ya ƙera shi ya daina kula da shi.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar fayafai biyu a matsayin ajiya biyu. Dabarar RAID, wadda masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakile suka bayyana a 1988, tana rubuta bayani a faifai fiye da ɗaya domin idan ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Amma idan aka shafe hoto bisa kuskure, a take zai ɓace a duka biyun. Gobara, ambaliya ko ɓarawo kuwa ba sa zaɓen faifai. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam, ko da gidan wani ɗan'uwa ne.

Akwai kuma ɗawainiya. Rumbun da ke cin wat 20 ba dare ba rana zai sha kimanin kilowat-awa 175 a shekara, kuma ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata abin da ake cikin rubutawa, don haka batirin ko-ta-kwana ba ado ba ne. Kallo daga nesa ma ya dogara ne ga saurin aikawa na layin gida: fim mai gigabayit 4 zai ɗauki kusan awa 1 da minti 47 a layin da ke aika megabit 5 a daƙiƙa.

Wani zai ce tunda haka ne, gara a bar wa manyan kamfanoni, su da suke da ƙwararru da janareto. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya ga wanda ba shi da lokacin kulawa. Amma ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Fim ɗin kasuwa idan ya ɓata ana sake samunsa. Muryar kaka da hoton ranar suna ba su da madadi. Irin waɗannan su suka cancanci zama a rumbun gida mai rufaffiyar ƙofa, a kuma kai kwafinsu ma'ajiyar kamfani bayan an kulle shi da mabuɗin sirri. Ta haka rushewar kamfani ba za ta raba iyali da tarihinsu ba, gobarar gida ma haka.