Gyaran Hanyar Fitsarin Yara Bayan Aikin Farko Ya Ƙi

A cikin 'ya'ya maza 200 zuwa 300, akan haifi ɗaya wanda ƙofar fitsarinsa ba ta fito a bakin gabansa ba, sai ta ƙarƙashi, sau da yawa kuma gaban a lanƙwashe. Likitoci suna gyara wannan da aikin fiɗa, galibi tun yaro yana da wata 6 zuwa 18. Amma ba kowane aiki ne ke yin kyau ba. Wani ɗinkin yakan warware, wani yaron hanyar ta ƙuntace, wani kuwa wata 'yar kafa ta ɓulle fitsari ya riƙa yoyo ta gefe.

Abin da muke so jama'a su gane shi ne, kowane yanka yana barin tabo, tabo kuwa ba ya samun jini sosai, balle ya riƙe ɗinki. Watau aiki na biyu ya fi na farko wuya, na uku ya fi na biyu. Uban da haushi ya kwashe shi, ya riƙa yawo da ɗansa daga wannan asibiti zuwa wancan yana neman wanda zai sake yanka da gaggawa, lalle cutar yaron yake yi. Likitoci kan dakata aƙalla wata 6 domin naman ya yi laushi.

Idan fatar wurin ta ƙare, akwai dabara. A shekarar 1995 wani likita a Ingila, Aivar Bracka, ya bayyana hanyar yin aikin hawa biyu: a cire tabon, a shimfiɗa sabuwar fata, sai bayan wata 6 ta kama, sa'an nan a naɗe ta ta zama hanya. Yanzu akan ɗebo fatar daga cikin kuncin yaron, gama ta saba da danshi, kuma gashi ba ya tsiro mata.

A nan ƙasarmu akwai abin lura guda. Loɓar da wanzami ke yankewa ya yar, da ita likita ke yin faci. Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da akawuna, tun da ku mutane kan kawo wa takardar asibiti ku karanta musu, ku gaya wa iyaye kada a yi wa irin wannan yaro kaciya sai likita ya duba shi. Wanda kuma aikinsa ya riga ya ƙi, a kai shi babban asibitin koyarwa wurin likitan fiɗar yara, tare da takardun aikin farko duka.