Ciniki Ba Ajali: Alkawarin Raba Afirka da Bam ɗin Ƙare-Dangi

Malamanmu sun san sunan Tuwat ko da ba su taka ƙasar ba, domin daga can ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya taso ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a can kuma kabarinsa yake. Fataken dā su ma sun san ta, zango ce a kan hanyar ayarin da ke ratsa Sahara. A ƙarshen Tuwat ɗin nan ta wajen kudu akwai wani gari ana ce da shi Raggan, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu. To, ran 13 ga Fabrairu 1960, da sassafe, a cikin rairayin da ke kudu da Raggan, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko na nukiliya, irin wanda muke kira ƙare-dangi. Ƙarfinsa ya ninka na wanda Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945 wajen sau huɗu. Shi kuwa na Hiroshima, kafin shekarar ta fita ya kashe mutum wajen 140,000.

Lokacin hunturu ne, iska kuwa ba ta tsayawa a bakin iyaka a duba mata takarda. Wata taswirar sojan Faransa da jaridar Le Parisien ta buga a 2014 ta nuna ƙurar gubar nan ta kai har Injamena da Bamako, bayan kamar mako biyu kuma ta isa gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Mutanen wancan zamani ba su ga taswira ba, amma sun san inda hazo ke fitowa. Gana ta riƙe dukiyar Faransawa da ke ƙasarta. Da Faransa ta yi gwaji na uku ran 27 ga Disamba 1960, sai gwamnatin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa ta sallami jakadan Faransa daga Ikko a farkon Janairu 1961, ta hana jiragen Faransa na ruwa da na sama shiga Nijeriya. A sa'an nan mulkin kanmu wata uku kaɗai ya yi. Faransa dai ba ta fasa ba. Sau huɗu ta tayar da bam a sararin Raggan, sa'an nan ta koma In Ekker, arewa da Tamanrasat, ta yi sau goma sha uku a ƙarƙashin dutse, ba ta daina gwaji a Sahara ba sai 1966.

Daga wannan ƙura aka fara maganar raba Afirka da makamin nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a kan haka a Nuwamba 1961, shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka kuma suka yi shelarsa a Alƙahira a Yuli 1964. Amma kafin shela ta zama takardar da aka sa wa hannu sai da aka shekara talatin da biyu. Kafin mu zo ga dalilin jinkirin, bari mu duba babban cinikin da aka ƙulla a tsakani, domin a kansa sauran suka hau.

A 1968 aka buɗe yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, ta fara aiki a Maris 1970, Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Ga yadda cinikin yake. Ƙasashe biyar da suka riga suka gwada bam kafin 1 ga Janairu 1967, watau Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin, an yarda su riƙe nasu tukuna. Sauran duniya ta yi alkawari ba za ta ƙera ba, ba za ta saya ba, ba za ta karɓi kyauta ba, za ta kuma buɗe ƙofa masu binciken Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya su riƙa shigowa suna awo suna ƙirga. Abin da za a ba ta a madadi abu biyu ne: a taimake ta da ilimin nukiliya na lantarki da magani da noma, su kuma biyar ɗin su zauna da kyakkyawar niyya su yi shawarar ajiye nasu. Wannan na ƙarshe shi ne sharaɗi na shida a takardar.

To, ɗan kasuwa ya duba wannan da idon kasuwa. Ɓangare guda ya biya lakadan a gaban shaidu, har ana zuwa gidansa ana dubawa ko ya ɓoye wani abu. Ɗaya ɓangaren ya ce zai biya, amma ba a faɗi ranar ba, ba a ajiye jingina ba, ba kuma wanda ya tsaya masa lamuni. Malamai sun fi mu sanin hukuncin cinikin da aka yi a kan ajalin da ba a sani ba. A 1995 kuwa, da wa'adin shekara ashirin da biyar na yarjejeniyar ya cika, sai aka mai da ita ta har abada. Watau ranar da mai bin bashi zai iya cewa in ba a biya ba a warware ciniki, ita ma an shafe ta.

Kada mu yi zalunci, an rage wani abu daga bashin. A 1986 kawunan bam da ke duniya sun kai wajen 70,000. A farkon 2025 lissafin masana ya tsaya a kan 12,000 da 'yan kai, kusan tara cikin goma na Amurka da Rasha ne. Amma igiyoyin da suka jawo ragin sai tsinkewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Yarjejeniyar 1987 ta kawar da makamai masu cin matsakaicin zango ta mutu a 2019. Ta 2010, wadda ta ƙayyade wa Amurka da Rasha yawan manyan makamansu, Rasha ta jingine aiki da ita a 2023. Ta hana gwaji gaba ɗaya, ta 1996, ba ta ma fara aiki ba, don Amurka da Sin sun sa hannu ba su tabbatar ba, Rasha kuma da ta tabbatar ta janye a 2023. Taron bitar babbar yarjejeniyar ya watse ba matsaya a 2015, ya sake watsewa haka a 2022. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba, Koriya ta Arewa ta fita a 2003 ta gwada nata a 2006.

Ganin manya ba su da gaggawa ya sa ƙananan ƙasashe suka kama wata dabara: in ba mu iya share garin duka, kowa ya share unguwarsa. Mutanen Latin Amurka suka fara, bayan tsoron da suka sha a Oktoba 1962 sa'ad da Rasha ta kai makamanta Kyuba, duniya ta kusa kamawa da wuta. A Fabrairu 1967 suka sa hannu a yarjejeniyar Tlatelolco a birnin Meziko. Tsibiran kudancin tekun Fasifik suka biyo a 1985, kudu maso gabashin Asiya a 1995, tsakiyar Asiya a 2006.

Mu kuwa abin da ya tsare mu Afirka ta Kudu ce. Gwamnatin wariyar launin fata tana ƙera bam a ɓoye, kowa yana zato, ba mai hujja a hannu. Har wasu masana na Afirka suka fara cewa baƙar fata ma ya nemi nasa. Farfesa Ali Mazrui na Kenya ya faɗi haka a laccocinsa na gidan rediyon BBC a 1979, ya ambaci Nijeriya a cikin waɗanda suka dace. Sai a Maris 1993 Shugaba de Klerk ya tsaya a majalisarsu ya ce lalle sun ƙera guda shida, sun kuma wargaza su. Ko tuba ce ta sa, ko kuwa gudun kada bam ya faɗa hannun Mandela da mutanensa, wannan gardama ce da ba ta ƙare ba. Abin da ya tabbata shi ne, ita kaɗai ce ƙasar da ta ƙera bam da hannunta ta kuma rushe shi da hannunta.

Da wannan dutse ya kau daga hanya sai aiki ya yi sauri. Wani ɗan Nijeriya, Jakada Oluyemi Adeniji, shi ya shugabanci gwanayen da suka tsara takardar. Aka sa mata suna Pelindaba, sunan wurin da Afirka ta Kudu ke aikinta na nukiliya kusa da Firitoriya, ma'anarsa kuwa a harshen Zulu wai magana ta ƙare. Aka sa hannu a Alƙahira ran 11 ga Afrilu 1996. Sa'an nan aka koma barci, domin sai ƙasa ashirin da takwas sun tabbatar za ta fara aiki, ba a kuwa cike wannan adadi ba sai ran 15 ga Yuli 2009, da Burundi ta kawo tata. Wannan shekara goma sha uku laifinmu ne, ba mu da wanda za mu ɗora wa.

Takardar ta hana ƙera bam da mallakarsa da gwada shi, ta hana wata ƙasa ta waje ta girke nata a ƙasar Afirka, ta hana jibge sharar nukiliya, ta hana kai hari kan ma'aikatun nukiliya. Wanda ya tuna da gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a Koko a 1988 ya san amfanin hana shara. Akwai kuma sharaɗin da ya shafi fatauci kai tsaye. Afirka rumbun yuraniyom ce, ma'adinin da ake yin bam da shi, ake kuma kunna tashoshin lantarki. Mafi yawan wanda aka yi bam ɗin Hiroshima da shi daga Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo, Nijar kuma ta fara fitar da nata daga Arlit tun 1971. Yarjejeniyar ta ce kada a sayar wa ƙasar da ba ta cikin biyar ɗin nan sai in ta buɗe dukan ma'aikatunta ga masu bincike. Amma ba ta ɗora wannan sharaɗi a kan sayar wa biyar ɗin ba. Mai bindiga yana sayen albarushi a sake, maras bindiga ne ake bincika wa jaka.

A wajen cika alkawari, namu ɓangaren bai gaza ba. Ƙaramar na'urar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka kunna a 2004, dā tana aiki da yuraniyom mai tsananin tacewa, irin wanda in ya yi yawa ana iya yin bam da shi. A 2018 aka sauya mata mai rauni, aka kwashe wancan aka mayar Sin inda ya fito. Gana ta yi haka a 2017.

Saura ɓangaren manya. An haɗa wa yarjejeniyar wasu takardu na rataye, inda ake neman ƙasashe biyar ɗin su yi alkawari ba za su jefa wa ƙasar Afirka bam ba, ba za su yi mata barazana da shi ba, ba za su kuma yi gwaji a nahiyar ba. Sin da Faransa da Ingila sun tabbatar. Rasha ta tabbatar a 2011 tare da togiya. Amurka ta sa hannu tun 1996, aka kai takardar majalisar dattijanta a 2011, a can ta kwanta. Wurin da gizo ke saƙa shi ne wani tsibiri a tekun Indiya mai suna Diyego Gasiya, inda Amurka ke da babban sansanin soja. Taswirar yarjejeniyar ta sa shi cikin Afirka domin Morishus na cewa nata ne, Ingila kuwa ta ce ba ya ciki. Kotun Duniya ta ba da ra'ayi a 2019 cewa Ingila ta sake shi, a Mayu 2025 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a kan a mayar wa Morishus mulkin tsibiran, a bar sansanin a kan haya ta shekara casa'in da tara. Amurka kuwa al'adarta ce ba ta faɗin ko akwai bam a jirginta ko babu. Masar ma, wadda a birninta aka sa hannu, ba ta tabbatar ba, tana duban maƙwabciyarta Isra'ila. An yi wa Larabawa alkawari a 1995 za a share Gabas ta Tsakiya ita ma, shi ma ba a sa masa rana ba.

Wani zai ce, to wanda ya ajiye me ya samu? Tambaya ce mai nauyi, ba a kau da ita da hannu. Yukren ta miƙa wa Rasha makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, aka ba ta takarda a Budafes a Disamba 1994, Amurka da Ingila da Rasha suka yi alkawarin kiyaye iyakokinta. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta auka mata da yaƙi a 2022. Gaddafi ya watsar da shirinsa a Disamba 2003, a 2011 jiragen ƙungiyar NATO suka yi wa Libiya ruwan wuta. Koriya ta Arewa tana kallon duka biyu.

Duk da haka, a ganinmu kuskure ne a auna Pelindaba da alkawarin manya kaɗai. Babban amfaninta tsakanin maƙwabta yake. Ajantina da Barazil sun daɗe kowace tana zargin 'yar'uwarta da shirin ɓoye, sai a 1991 suka kafa hukuma guda, mutanen wannan suna duba ma'aikatun waccan, zargi ya kwanta, kuɗin da za a zuba a tsere ya tsira. Indiya da Pakistan sun bi ɗaya hanyar, suka gwada nasu a Mayu 1998, ga su nan da talakawa jingim, kowane rikici a Kashmir sai duniya ta dafe ƙirji. Nahiyar da juyin mulki bai ƙare a cikinta ba, ga 'yan bindiga a daji, ta yi sa'a da ba ta da irin wannan kaya a rumbu. A yanzu kuma da manyan ƙasashe ke neman wuraren girke soja a Afirka, wannan na fita wancan na shiga, takardar ta ba kowace gwamnati abin da za ta nuna ta ce ban da wannan. Sai dai ta bar wa kowace ƙasa ikon yarda jirgin waje ya yada zango ko ya ratsa, nan ne ƙofar da ya kamata 'yan majalisa su riƙa tambaya a kanta duk sa'ad da aka ƙulla wata yarjejeniyar soja.

Masu bin bashi sun gaji da jira har suka rubuta tasu takardar. Ran 7 ga Yuli 2017 ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makamin gaba ɗaya, Nijeriya da Afirka ta Kudu suna cikin waɗanda suka ja gaba. Nijeriya ta tabbatar ran 6 ga Agusta 2020, ranar da Hiroshima ta cika shekara saba'in da biyar, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a Janairu 2021. Ba ko ɗaya daga cikin masu bam da ya shiga, saboda haka ba ta kwance ko ƙusa guda ba. Amma ta kawo abin da na baya ba su kawo ba, watau wajibcin taimakon waɗanda gwaji ya cutar da kuma tsabtace ƙasar da aka ɓata.

Wannan sharaɗi kamar don Raggan da In Ekker aka rubuta shi. Da sojan Faransa za su tashi, sai suka binne motoci da ƙarafa da sauran kayan da guba ta taɓa a cikin rairayi. Mutanen wurin sun yi shekaru suna tono ƙarafan suna ɗauka, ba su san abin da ke jikinsu ba. Faransa ta yi dokar biyan diyya a 2010, amma 'yan Aljeriya da suka samu ba su taka kara sun karya ba. Gwamnatin Aljeriya ta sha neman a ba ta cikakkiyar taswirar wuraren da aka yi binnen, a kuma zo a kwashe.