Firiji Ba Asibitin Kwamfuta Ba Ne

Har yanzu wasu masu gyara na ba da shawarar a ƙulle rumbun ajiyar kwamfuta da ya fara lalacewa a leda, a kwantar da shi a firiji. Dabarar tana da tushe. Ƙarfe kan tsuke idan ya sha sanyi, don haka a tsofaffin rumbuna, allurar da ta manne da faifai ko sandar juyi da ta cije kan saki, ƙananan na'urorin da zafi ya gajiyar su kuma su farfaɗo na 'yan mintoci. Amma ni ba na goyon bayanta. Da zarar an fito da rumbun daga firiji, raɓa ke taruwa a kan faifan da ke juyi sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allurar kuwa tana shawagi a tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Ɗigo ɗaya ya isa ya karce faifan, hotunan biki da takardun shekaru su tafi. Rumbunan zamani ma man da ke sandarsu kauri yake yi a sanyi, juyin ya ƙara nauyi.